Mita 300 a rubuce: jabun agogon nutso da gwajin ruwa a Kuala Lumpur

 Sharhin na yau zai leƙa Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, a kan wata 'yar tambaya da duk mai sayen agogo ke yi, daga kasuwar Sabon Gari ta Kano har zuwa Titin Petaling: "Yana shan ruwa?"

Titin Petaling yana tsohuwar unguwar 'yan Sin, tafiyar 'yan mintoci a ƙafa daga tashar jirgin ƙasa ta Pasar Seni. A 2003 aka yi masa doguwar rumfa koriya domin kare 'yan kasuwa daga rana da ruwan sama. Da la'asar sakaliya tebura kan cika tsakiyar titin, hanya ta tsuke har sai mutum ya karkace kafin ya gifta ɗan'uwansa. Ga jakunkunan mata, ga takalma, ga rigunan 'yan ƙwallo, ga tabarau da turare. Ga kuma agoguna jere a kan baƙin ƙyalle, fitila na haska su, suna ɗauke da sunayen Rolex da Omega da Tag Heuer. Ciniki da kalkuleta ake yi: mai kaya ya buga nasa farashin ya miƙa, mai saye ya goge ya buga nasa, a yi ta ja-in-ja har a daidaita.

A cikin waɗannan agogunan, waɗanda suka fi ɗaukar ido su ne na masu nutso a teku, masu kauri, masu zoben da ke juyawa a kewayen gilashi. A fuskar kwaikwayon Submariner na Rolex za a ga an rubuta mita 300, daidai yadda yake a na gaskiya. Idan mai saye ya nuna shakka, wani ɗan kasuwar kan tsoma agogon a kofin ruwa ya ciro, ya nuna cewa tsinken sakan bai daina tafiya ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kowace mita 10 ta zurfin ruwa tana ƙara matsi na bar ɗaya, wato nauyin kusan kilo guda a kan kowane murabba'in santimita. A mita 300, gilashin agogo mai faɗin santimita uku yana ɗauke da nauyin da ya haura kilo 200. Kofin ɗan kasuwa kuwa zurfinsa bai wuce santimita 10 ba. Kashi ɗaya ke nan cikin 3,000 na abin da aka rubuta, kuma na 'yan daƙiƙoƙi.

Kasuwancin kansa haramtacce ne a dokar ƙasar. Dokar tambarin kaya ta 2019 ta tanadi tarar da ta kai ringit 10,000 a kan kowane kaya guda na jabu da aka kama mutum yana sayarwa, ko ɗaurin da ya kai shekara uku, ko duka biyun. Jami'an ma'aikatar cinikin cikin gida kan kai samame lokaci zuwa lokaci, a kwashe kaya, bayan an kwana biyu tebura su dawo. Ofishin wakilin ciniki na Amurka ya sha sanya Titin Petaling a jerin kasuwannin duniya da suka yi ƙaurin suna wajen sayar da jabu. A faɗin duniya kuma, wani rahoto na ƙungiyar OECD da ofishin mallakar fasaha na Tarayyar Turai, wanda ya fito a 2019, ya ƙiyasta cinikin jabun kaya a kan dala biliyan 509 a 2016, kashi 3.3 cikin ɗari na cinikin duniya. Masu saye a Petaling yawanci 'yan yawon buɗe ido ne, amma a cikinsu ba a rasa namu: ɗalibai daga jami'ar Musulunci ta Gombak ko jami'ar Putra da ke Serdang da za su koma gida hutu, da 'yan kasuwar da suka zo sari, kowa na neman tsarabar da za ta yi kwarjini ba ta cinye aljihu ba.

Hana ruwa shiga agogo tsohon yaƙi ne. A 1926 kamfanin Rolex na Hans Wilsdorf ya fito da Oyster, agogon da murfin bayansa da maɓallin gefensa duk ɗaure su ake yi kamar noti. A watan Oktoba na 1927 wata 'yar Ingila, Mercedes Gleitze, ta rataya shi a wuya ta shiga mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa. Ta yi sama da awa 10 a ruwan sanyi, ba ta kai gaci ba, amma agogon ya fito yana aiki, Wilsdorf kuwa ya sayi shafin farko na jaridar Daily Mail ya tallata labarin. A 1953 Submariner ya fito da ƙarfin mita 100, shekarar da Blancpain ma ya fitar da nasa, Fifty Fathoms. Seiko na Japan ya bi sahu a 1965.

Yau akwai ƙa'ida ta duniya, ISO 6425, wadda ta fayyace abin da ya cancanci a kira agogon nutso. Mafi ƙarancin zurfi mita 100 ne. Ana gwada agogon a matsin da ya ɗara abin da aka rubuta da kashi 25 cikin ɗari, wato na mita 200 sai ya jure na mita 250, na tsawon awa biyu, sannan a sauke matsin ƙasa sosai a bar shi wata awa guda. Wannan gwajin kowane agogo ake yi wa, ɗaya bayan ɗaya. Ana kuma ɗaukar samfuri a jiƙa shi awa 24 a ruwan gishiri, a tsoma shi a ruwa mai zafin digiri 40, a mayar da shi na digiri 5, a sake mayarwa mai zafi. Dole a iya karanta shi a cikin duhu daga nisan santimita 25. Dole zoben kewayen gilashi ya kasance ba ya gocewa ta inda zai yaudari mai nutso ya ɗauka yana da sauran lokaci. Duk wannan wahalar saboda a zamanin da aka ƙirƙiro irin wannan agogon, da shi mutum ke lissafin mintocin da suka rage masa a ƙarƙashin teku.

Masu yin jabu, waɗanda mafi yawan masana'antunsu ke kudancin Sin, sun ƙware ƙwarai a abin da ido ke gani. Manyan kwaikwayo na yanzu, masu tsadar ɗaruruwan daloli, har mai gyaran agogo sai ya sa madubin ƙara girma kafin ya bambance su. Rubutu, launi, nauyi, har da fasalin injin ciki, duk an kwafa. Sai dai zoben robar da ke tare ruwa a ciki ba ya fitowa a hoto, mai saye kuma ba ya tambayar ko an shafa masa giris. A nan ake tsuke kuɗi. Lambar 300 da ke fuskar agogon an buga ta ne domin tana jikin na asali, babu wanda ya sa hannu cewa an gwada.

Kuala Lumpur kuwa gari ne da ba ya rufa wa irin wannan agogo asiri. Ruwan saman da ke sauka a shekara ya haura milimita 2,500, kusan ninki uku na abin da Kano ke samu, kuma yakan zo ne da yamma, da tsawa, kamar da bakin ƙwarya. Laimar iska tana yawo wajen kashi 80 cikin ɗari, zafin rana wajen digiri 32. Mutum ya jiƙe da gumi a titi, ya faɗa katafaren kanti irin Suria KLCC ko Pavilion inda na'urar sanyaya wuri ke kaɗawa, gilashin agogo ya yi sanyi farat ɗaya. Idan akwai danshi a ciki, nan take zai taru a ƙarƙashin gilashin. Akwai bambancin da ya kamata a lura da shi: raɓar da ke kwanciya a waje lokacin da aka fito daga sanyi zuwa zafi, yatsa na goge ta, ba komai ba ce. Wadda yatsa ba ya kaiwa ita ce matsala.

Yaya ake gane gaskiya tun kafin ruwa ya yi ɓarna? Hanyoyi uku masu gyara ke bi.

Ta farko ba ta buƙatar ruwa ko ɗigo. Na'ura ce irin wadda kamfanin Witschi na Siwizalan ke ƙerawa. Ana ajiye agogon a wani ƙaramin akwati, wani ɗan tsinke ya taɓa saman gilashinsa, a zuƙe iskar akwatin, daga baya a ɗura ta da ƙarfi. Agogon da ke rufe ruf yakan ɗan kumbura ko ya ɗan lotsa, gwargwadon da ido ba ya gani, ya kuma tsaya a haka. Wanda ke yoyo kuwa, iska na shiga ta daidaita ciki da waje, sai ya koma yadda yake, na'ura ta ce ya faɗi. Cikin 'yan mintoci an gama. Aibinta ɗaya: tana faɗin cewa akwai ƙofa, ba ta nuna inda take.

Ta biyu ita ce ke nuna wurin, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai faci yana tsoma tiyub a ruwa yana neman inda iska ke fita ya riga ya san rabin aikin. Tulu ne na gilashi ko roba mai kauri, irin na kamfanin Bergeon, an zuba masa ruwa zuwa rabi. Mai gyara mai hankali yakan fara cire injin da fuskar agogon ya ajiye gefe, ya mayar da murfi, ya gwada kwankon kaɗai. Yana rataye shi a ƙugiya a saman ruwan, cikin iska, ya rufe tulun, ya riƙa buga famfon hannu har allurar ma'auni ta kai bar uku, ko shida, gwargwadon ƙarfin na'urar. Sai ya dakata 'yan mintoci. Idan akwai ƙofa, a wannan jiran ne iska mai matsi ke kutsawa ciki. Daga nan ya tura sandar ƙugiyar ƙasa, agogo ya nutse, ya fara sassauta bawul a hankali. Yanzu matsin da ke cikin agogon ya fi na waje, iskar da ta shiga dole ta nemi hanyar fita, kuma ta inda ta shiga za ta fito. Mai gyara ya kafa ido. Ƙwayar iska ɗaya ko biyu daga ƙarƙashin zoben da ke juyawa ba abin damuwa ba ne, iska ce da ta maƙale a lungu. Amma idan aka ga siririn layin kumfa yana ta tasowa daga wuri guda ba ƙaƙƙautawa, an kama ɓarawo. Dole a ciro agogon kafin matsin ya ƙare, in ba haka ba iska na gama fita ruwa zai bi bayanta. Wanda kuma ya saki bawul gaba ɗaya lokaci guda, yana iya jin ƙara fau, gilashi ya yi tsalle ya bar mazauninsa. Hakan ya fi faruwa da jabu, inda sau da yawa gilashin bai zauna daram ba tun daga masana'anta.

Ta uku ita ce gwajin raɓa, kuma tana cikin ƙa'idar ISO. Bayan agogo ya fito daga ruwa, a ɗora shi a kan farantin da ke ɗumama shi zuwa digiri 40 ko 45, a ɗiga ruwa mai ɗan sanyi a kan gilashin, a jira minti guda, a goge. Idan tabon hazo ya bayyana daga ciki, ruwa ya shiga. A nan ma yanayin Kuala Lumpur na da abin cewa. Mai gyaran da ya buɗe agogo a teburin bakin titi ranar da aka kwana ana ruwa, ya mayar ya rufe, ya kulle damshin iskar garin a ciki da hannunsa. Irin wannan agogon yana iya nuna ɗan hazo ko da ba ya yoyo. Shi ya sa ya fi kyau a buɗe a kuma rufe a ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, inda iska ta bushe.

Ƙofofin da ruwa ke bi ba su da yawa. Mafi sauƙin gyara shi ne murfin baya. Sau da yawa idan aka kwance sabon jabu, za a tarar da zoben robar a bushe ƙayau, ko ya murɗe, ko murfin ya cije shi ya yanke, wani lokacin ma murfin da yatsa kawai aka ɗaure shi. Magani shi ne a auna ramin da zoben ke kwanciya, a samo daidai kaurinsa, domin bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita ya isa ya ɓata aiki, a shafa masa giris na silikon kaɗan, a ɗaure da abin ɗaurewa. Giris ɗin mota ko man shafawa ba su da gurbi a nan, suna kumbura wasu nau'o'in roba su lalata su.

Maɓallin gefe, wanda ake saita lokaci da shi, ya fi wuya. Na Submariner na gaskiya, tsarin Triplock da Rolex ya fito da shi a 1970, yana da wurare uku da roba ke tare ruwa. A jabu ana iya samun guda, ko a samu an jera su amma girmansu bai dace ba. Akwai kuma ɗan bututun da maɓallin ke ɗauruwa a kansa, wanda shi ma ɗaure shi ake yi a jikin kwanko. Idan ba a sa masa maganin riƙe tiredi ba, wata rana mai agogo zai kwance maɓalli bututun ya biyo shi. Shi kuma mai ɗaure maɓalli da ƙarfin tsiya, yana ganin ƙarin tsaro ne, tiredin yake cinyewa.

Sai gilashi, wanda ke zaune a kan wani siririn zobe mai tauri. Idan ya karkace ko da kaɗan ne, sai an ciro an sake dannawa da injin matsi. Masu ɗiga gam mai kamawa nan take a kewayensa suna ƙara wa kansu aiki, domin tururin gam ɗin yana barin farin tabo a ciki.

Abin dariya shi ne bawul ɗin iskar hiliyom. Rolex ya sa shi a Sea-Dweller ne saboda ma'aikatan da ke kwanaki a ɗakunan matsi a ƙarƙashin teku, irin na kamfanin COMEX na Faransa, domin iskar da ta taru a agogo ta samu mafita. Mai jabu ya kwafe shi don ado, ya huda kwanko, ya ƙara wa ruwa ƙofa ta huɗu a agogon da mai shi ko tafkin otal ba lallai ya shiga ba. Masu gyara da yawa toshe shi suke yi daga ciki su huta.

Waɗannan duka a kan jabu mai ɗan daraja ake magana, mai kwankon ƙarfe mara tsatsa. Na ƙasa-ƙasa, wanda ya fi yawa a kan tebur, kwankonsa gamin ƙarfe ne mai arha da aka yi wa ruwan azurfa, murfinsa dannawa ake yi ko da an zana masa haƙora kamar na ɗaurewa, gumi kaɗai na cinye shi cikin watanni. Kuɗin gwada shi na iya fin kuɗinsa. Cibiyoyin gyara na kamfanonin asali kuwa ba sa karɓar jabu ko na wane mataki ne.

A ce an yi duk gyaran, agogo ya ci gwajin bar shida. Me aka samu? An samu agogon da zai jure ruwan sama da wanke hannu, wataƙila da iyo a tafki, a ranar da aka gwada shi. Na'urorin kanti da yawa ba sa wuce bar 10, kashi ɗaya cikin uku ke nan na abin da aka rubuta. Akwai kuma wani abin mamaki da masu sana'ar suka sani: matsi mai ƙarfi yakan danne roba ya toshe ƙaramar ƙofa, ta yadda agogo zai ci babban gwaji amma ya sha ruwa a ƙarƙashin famfo. Dalilin da ya sa ƙa'idar ISO ta haɗa da waccan awa guda ta ƙaramin matsi ke nan.

Malesiya ƙasar nutso ce ta gaske. Akwai tsibirin Tioman a jihar Pahang, da Redang da Perhentian a Terengganu, waɗanda harka ke tsayawa a cikinsu daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu saboda iskar damina. Akwai Sipadan a gaɓar Sabah, inda gangaren ƙarƙashin ruwa ke zurmawa kusan mita 600. Sabon mai koyo iyakarsa mita 18, masu nutson nishaɗi ba sa wuce 40, kuma yawancinsu yanzu ƙaramar kwamfutar hannu suke ɗaurawa, agogo ya zama na ko-ta-kwana. Duk da haka ruwan gishiri ba ya wasa. Idan ya shiga inji, tsatsa na kama ƙananan ƙarafan cikin 'yan kwanaki. Binne agogo a buhun shinkafa, kamar yadda ake yi wa waya, ɓata lokaci ne: ruwan yana ciki, shinkafar tana waje. Abin yi shi ne a kai wa mai gyara a ranar, ya buɗe, ya busar, ya wanke inji ya sake masa mai.

Ga wanda ruwa ne damuwarsa da gaske, lissafin a fili yake. Da kuɗin babban jabu guda ana sayen Citizen Promaster ko Seiko Prospex na gaskiya, masu shaidar ISO ta mita 200, da takardar garanti, a kantunan da ke da rajista a cikin Kuala Lumpur ɗin. Casio Duro, mai ƙarfin mita 200, ya fi su araha nesa ba kusa ba. Abin da ba su da shi kawai shi ne ɗan tambarin Rolex da ke sa a kalli hannun mutum a wurin ɗaurin aure.

Yawancin namu da ke sayen waɗannan agogunan ba Sipadan za su ba. Ruwan da agogonsu zai gamu da shi na alwala ne, sau biyar a rana, daga famfunan ƙananan masallatan da ke cikin manyan kantunan Kuala Lumpur zuwa butar gida. Wanda ya saba zame agogo sama ya wanke hannu har gwiwa, ya duba ko maɓallin a ɗaure yake, musamman bayan ya sauka daga jirgi ya mayar da lokaci baya da awa bakwai, domin a irin wannan saitin ne ake mantawa a bar shi a kwance. Wanka da ruwan zafi da sabulu yana gajiyar da roba, gara a cire. A gida kuma wani sabon yanayi ke jira: zafin bazara da kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maradi, da ƙurar hunturu mai shiga tiredin maɓalli tana gurzar roba. Masu gyara na ba da shawarar a gwada ko da agogo na gaskiya sau ɗaya a shekara, da kuma duk lokacin da aka buɗe murfinsa, ko don canjin batir ne.